Moe Berg: Ɗan wasan benci da Amurka ta tura da bindiga wurin masanin nukiliyar Jamus

A ranar 18 ga Disamban 1944, wani dogon mutum mai shekara 42 ya shiga wani ɗakin lacca a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, ya samu wuri ya zauna cikin malamai da ɗalibai. A aljihunsa akwai ƙaramar bindiga.

Mai gabatar da laccar shi ne Werner Heisenberg, masanin kimiyyar fiziks mafi suna a Jamus a wancan lokaci, wanda Amurka ke fargabar yana gab da ƙera wa Hitler bam ɗin nukiliya. An umarci baƙon ya kasa kunne da kyau. Idan ya gamsu cewa Jamus ta kusa mallakar bam ɗin, ya harbe Heisenberg nan take.

Baƙon ba soja ba ne, kuma bai taɓa karantar kimiyya a jami'a ba. Shekara uku kafin wannan rana, mataimakin koci ne a ƙungiyar ƙwallon besbol ta Boston Red Sox. Kafin nan ya yi kakar wasa 15 yana yawo tsakanin ƙungiyoyi biyar, kuma mafi yawan lokacin a benci ya yi shi.

Sunansa Morris Berg, amma an fi saninsa da Moe Berg. Abin da ya riƙe shi a wasa duk da ƙarancin bajintarsa shi ne dai abin da ya kai shi Zurich: ya iya zama a gefe yana kallo, yana karantar mutane, bakinsa a rufe.

Ɗan mai kantin magani

An haifi Berg ranar 2 ga Maris, 1902, a unguwar Harlem ta birnin New York. Iyayensa, Bernard da Rose, Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Yukren. Shi ne auta cikin 'ya'ya uku. Yayansa Samuel ya zama likita, yayarsa Ethel kuma malamar makaranta.

A 1906 mahaifin ya sayi kantin magani a birnin Newark na jihar New Jersey, iyalin suka koma can. Bernard ya yi imani cewa karatu ne kaɗai zai fitar da baƙo kunya a Amurka. Wasa a wurinsa shiririta ce, kuma har ya bar duniya bai taɓa zuwa fili ya kalli ɗansa yana buga wasan ƙwararru ba.

Yana ɗan shekara bakwai Berg ya fara buga wa ƙungiyar yara ta wani coci da ke unguwarsu. Ya yi hakan da sunan aro, Runt Wolfe, don kada sunansa na Yahudawa ya ware shi daga sauran yaran.

Ya gama makarantar sakandare ta Barringer a 1918 yana shekara 16. Ya yi shekara guda a Jami'ar New York, sannan ya koma Jami'ar Princeton a 1919. A can ya karanci harsuna bakwai: Latin, Girkanci, Faransanci, Sifaniyanci, Italiyanci, Jamusanci da Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Ya kammala a 1923 da sakamako mai daraja.

Princeton ta wancan zamani makarantar 'ya'yan masu hannu da shuni ce, kuma Bayahude ɗan mai kantin magani a gefe yake zama. A filin wasa ne Berg ya samu inda ake damawa da shi. Shi ne tauraron ƙungiyar makarantar, kuma shi da wani abokin wasansa sukan yi wa juna magana da Latin a cikin fili don kada abokan hamayya su gane shirinsu.

Yadda wasan yake

Besbol wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowace da mutum tara. Mai jifa yana tsayawa a tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo mai tauri, kamar girman lemo, daga nisan kimanin mita 18. Ɗan ƙungiyar hamayya, wato mai bugu, yana ƙoƙarin dokan ƙwallon da sanda, sannan ya ruga ya ratsa zango uku ya dawo inda ya taso. Duk wanda ya kammala wannan zagaye ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

A bayan mai bugu akwai wani mutum a tsugune, sanye da abin kare fuska na ƙarfe, da sulken ƙirji da na ƙwauri, da ƙatuwar safar hannu ta fata. Shi ne mai cafe ƙwallo.

Aikinsa ya wuce cafewa. Shi ke zaɓar irin jifan da za a yi, ya sanar da mai jifa ta hanyar alama da yatsunsa, a ɓoye tsakanin cinyoyinsa. Dole ya haddace raunin kowane mai bugu a gasar, ya san wanda ke tsoron jifa mai gudu da wanda jifa mai lanƙwasa ke ruɗawa. Dole kuma ya lura da lokacin da hannun mai jifansa ya fara gajiya. Shi kaɗai ne a ƙungiyar da ke fuskantar filin gaba ɗaya.

Shi ya sa ƙungiyoyi kan haƙura da mai cafe ƙwallo ko da bugunsa ba shi da kyau, kuma da yawa daga cikinsu kan zama koci bayan sun yi ritaya.

Ana auna mai bugu da yawan nasarar da ya samu cikin damar bugu dubu. Wanda ya kai 300 cikin dubu gwani ne. Berg ya ƙare wasansa da 243.

Daga Brooklyn zuwa Paris

Ranar 27 ga Yunin 1923 Berg ya rattaba hannu da ƙungiyar Brooklyn Robins kan dala 5,000. Ƙungiyoyin New York na lokacin suna neman ɗan wasa Bayahude da zai jawo musu 'yan kallo daga cikin ɗimbin Yahudawan birnin. A lokacin bai fara cafe ƙwallo ba, yana tsaron fili ne tsakanin zango na biyu da na uku.

Ya buga wasa 49 a kakar, bugunsa bai wuce 186 cikin dubu ba. Da aka tafi hutu, maimakon ya zauna ya gyara bugunsa, sai ya hau jirgin ruwa zuwa Paris ya shiga azuzuwa a Jami'ar Sorbonne. Daga can ya zarce yawon buɗe ido Italiya da Suwizalan.

A Paris ne ya kamu da ɗabi'ar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, wato karanta jaridu da yawa kowace rana. Jaridar da bai karanta ba yana ɗaukarta a matsayin mai rai. Idan wani ya riga shi taɓa ta, to a wurinsa ta mutu, sai ya fita ya sayo sabuwa.

Da ya dawo a 1924, Brooklyn ta tura shi ƙananan gasanni, ya buga a Minneapolis sannan Toledo. A nan ne Mike González, wani mai farautar 'yan wasa ɗan ƙasar Kyuba, ya aika da gajeren saƙon tangarahu a kansa cewa ya iya tsaron fili amma bai iya bugu ba. Wannan hukunci ya manne wa Berg, har ya zama karin magana a tsakanin masu harkar besbol.

A 1925 ya farfaɗo a ƙungiyar Reading, inda ya buga 311 cikin dubu, sai Chicago White Sox ta ɗauke shi. Amma ya riga ya fara karatun lauya a Jami'ar Columbia. Shekara biyu a jere, 1926 da 1927, sai da ya gama jarrabawa sannan ya iso ƙungiyar, bayan an yi nisa da kakar wasa. Sakamakon haka benci ya zama mazauninsa.

Sana'ar da ya tsinta da tsautsayin wasu

A watan Agustan 1927 masu cafe ƙwallo uku na White Sox suka ji rauni ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan kwanaki: Ray Schalk, wanda shi ne kuma babban kocin ƙungiyar, da Harry McCurdy, da Buck Crouse.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne, da Schalk ya shiga neman mafita, Berg ya ce ai akwai mai cafewa a zaune a benci. Wani abokin wasansa yake nufi, amma kocin ya ɗauka kansa yake tallatawa, ya ce ya tashi ya sa kaya.

Wasan farko da ya fara a wannan gurbi da New York Yankees aka yi, ƙungiyar Babe Ruth da Lou Gehrig, wadda ta ci wasa 110 a kakar. Mai jifan White Sox a ranar shi ne Ted Lyons, wanda ke da wani irin jifa da ƙwallon ke rawa a iska, mai wuyar cafewa. White Sox ta ci 6 da 3.

Daga nan Berg ya gane inda ya dace da shi. Kafin kakar 1928 ya tafi wani sansanin masu saran katako a tsaunukan Adirondack ya yi mako uku yana aikin ƙarfi don ya murje jikinsa. A kakar ya zama cikin waɗanda suka fi iya kama masu satar gudu daga zango zuwa zango.

Shekarar 1929 ita ce ganiyarsa. Ya buga wasa 107, bugunsa ya kai 287 cikin dubu. Yana shekara 27, kuma a karon farko yana da gurbin kansa.

Gwiwa ta ba da shi

A watan Afrilun 1930, a wani wasan sada zumunta da ƙungiyar Little Rock, ƙusoshin takalminsa suka maƙale a ƙasa yayin da yake juyawa, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Wasa 20 kacal ya buga a kakar. Ga mutumin da sana'arsa tsuguno ce, wannan babban naƙasu ne, kuma bai sake zama zaɓin farko na kowace ƙungiya na tsawon kaka ba.

Yana da wata ƙofar a buɗe. A farkon shekarar ya karɓi digirinsa na lauya, har ya yi aiki da wani ofishin lauyoyi na titin Wall Street a lokacin hutu. Wannan ne burin mahaifinsa. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi, zaman ofis bai karɓi Berg ba, ya koma fili.

A 1931 ya koma Cleveland Indians, ya buga wasa goma, ya yi nasarar bugu sau ɗaya tak. A 1932 ya koma Washington Senators. Ƙungiyar ta lashe gasarta a 1933 ta kai zagayen ƙarshe na cin kofin ƙasa, inda New York Giants ta doke ta, amma Berg daga benci ya kalli wasannin.

Duk da haka, idan aka sa shi, ba ya ba da kunya. Ya jera wasa 117 ba tare da kuskure ko ɗaya ba, tarihin da babu mai cafe ƙwallon da ya taɓa kafawa a gasar kafin shi. Jerin ya katse a Afrilun 1934. A watan Yuli Washington ta sallame shi, Cleveland ta sake ɗaukarsa don ya cike gurbin wani da ya ji rauni.

'Yan jarida suna ƙaunarsa, domin a ranar da babu labari, hira da shi kan cika shafi. Abokan wasansa kuwa sukan zolaye shi cewa yana jin harsuna da yawa amma babu ko ɗaya da ya iya bugu da shi.

Rufin asibiti a Tokyo

A ƙarshen 1932 Berg ya je Japan tare da Lefty O'Doul da Ted Lyons don koyar da besbol a manyan jami'o'in Tokyo. Nan ne ya fara ɗanɗana aikin koci, yana koya wa ɗalibai cafe ƙwallo. Da sauran suka koma gida, shi sai ya bi ta Sin, Indiya, Masar da Berlin.

A 1934 aka haɗa tawagar taurarin Amurka zuwa Japan, ciki har da Ruth, Gehrig da Jimmie Foxx. Aka sa sunan Berg a ciki duk da cewa ba tauraro ba ne. Ya tafi da ƙaramar kyamarar ɗaukar fim, da takardar wani kamfanin labarai da ya ba shi aikin ɗauko hotunan tafiyar.

Ranar 29 ga Nuwamba, yayin da tawagar ke wasa a garin Omiya, Berg ya nufi asibitin St. Luke, ɗaya daga cikin dogayen gine-ginen Tokyo a lokacin. Ya ce ya zo duba 'yar jakadan Amurka, Joseph Grew, wadda ta haihu. Bai ko leƙa ɗakinta ba. Ya haye rufin ginin ya ɗauki fim ɗin birnin da tashar jiragen ruwansa.

Daga baya aka riƙa yayata cewa da wannan fim aka tsara harin sama na farko da Amurka ta kai wa Tokyo a Afrilun 1942. Lissafin kwanaki bai goyi bayan hakan ba, domin sai a tsakiyar shekarar, bayan an kai harin, Berg ya nuna wa jami'an leƙen asiri fim ɗin.

Yana Japan labari ya iske shi cewa Cleveland ta sallame shi. Bai yi gaggawar komawa gida ba, ya bi ta Filifin, Koriya da Mosko.

Boston: daga benci zuwa koci

Joe Cronin, wanda ya yi masa koci a Washington, ya koma Boston Red Sox a 1935, kuma Berg ya samu gurbi a can. Ya yi kaka biyar yana ɗan wasa, inda a matsakaici bai kai wasa 30 a kowace kaka ba.

Mafi yawan aikinsa a gefen fili yake, a wurin da masu jifa na ajiya ke ɗumama hannu. Yana cafe musu ƙwallo, yana gyara musu tsayuwa, yana faɗa wa sabbin yara raunin masu bugun da za su fuskanta. Tsakanin haka yana ba su labarin ƙasashen da ya zaga. A aikace ya zama koci tun kafin a ba shi sunan.

A farkon 1939 ya bayyana a wani shirin kacici-kacici na rediyo mai suna Information Please, ya amsa tambayoyi kan tarihi da asalin kalmomi har ya burge ƙasar. Ya halarci shirin sau uku. A karo na uku mai gabatarwa ya shiga yi masa tambayoyi kan rayuwarsa, Berg ya ƙi amsawa, kuma bai sake komawa ba.

A ƙarshen kakar 1939 ya ajiye wasa. Lissafinsa na kaka 15 shi ne wasa 663, da bugu shida kacal da ƙwallon ta tsallake shingen fili. Babe Ruth ya yi irin wannan bugu sau 60 a kaka ɗaya.

Red Sox ta riƙe shi a matsayin mataimakin koci a 1940 da 1941. A kaka ta biyu ƙungiyar ta ƙare a mataki na biyu a bayan Yankees, kuma a gaban idonsa matashi Ted Williams ya buga 406 cikin dubu.

A Satumban 1941 mujallar Atlantic Monthly ta buga wata maƙala da ya rubuta kan alaƙar mai jifa da mai cafewa. A ciki ya bayyana wasan a matsayin gasar dabara, inda mutum biyu ke haɗa kai su yaudari na uku. Har yau ana saka maƙalar cikin littattafan da ke tattara fitattun rubuce-rubuce kan besbol.

Yaƙi ya canza masa fili

Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamban 1941. A Janairun 1942 Berg ya bar Red Sox ya karɓi aiki a ofishin Nelson Rockefeller mai kula da hulɗar Amurka da ƙasashen kudancin nahiyar. A wannan watan mahaifinsa ya rasu.

Ya yi watanni yana zagaya yankin Karibiyan da Kudancin Amurka yana duba lafiya da walwalar sojojin Amurka da ke can. A Agustan 1943 ya koma OSS, hukumar leƙen asirin Amurka ta lokacin yaƙi, wadda CIA ta gada daga baya.

A lokacin Amurka na aikin sirri na ƙera bam ɗin nukiliya ƙarƙashin Janar Leslie Groves, kuma babban abin da ke hana shugabannin aikin barci shi ne ko Jamus ta riga su. A Jamus ne aka gano yadda ake fasa ƙwayar zarra ta yuraniyom a 1938, kuma Heisenberg, wanda ya ci kyautar Nobel ta 1932, bai bar ƙasar ba.

Ana buƙatar mutum mai jin harsunan Turai, mai saurin ɗaukar karatu, wanda zai iya sa masana su saki baki. Berg ya duƙufa karanta littattafan fiziks. A 1944 aka tura shi Turai, ya shiga birnin Rum jim kaɗan bayan sojojin ƙawance sun karɓe shi a watan Yuni.

A can ya zauna da masana irin su Edoardo Amaldi da Gian Carlo Wick, ya tattaro abin da suka sani kan takwarorinsu na Jamus da wuraren da suke aiki. Ya kuma taimaka wajen shawo kan Antonio Ferri, ƙwararre kan jiragen sama masu tsananin gudu, ya koma Amurka da aiki.

Ranar Zurich

Suwizalan ba ta shiga yaƙin ba, don haka Heisenberg ya samu izinin zuwa Zurich bisa gayyatar Farfesa Paul Scherrer, wanda a ɓoye yake ba OSS bayanai. Berg ya shiga ɗakin laccar a matsayin ɗalibi.

Laccar kan wani ɓangare ne mai zurfi na ka'idojin fiziks da bai shafi bam ba, kuma ta fi ƙarfin karatun da Berg ya yi. Sai ya koma ga abin da ya saba yi a bayan mai bugu. Labarin zuciya a tambayi fuska: ya riƙa kallon Heisenberg, yana kallon manyan masanan da ke sauraronsa, yana rubuta abin da ya gani. Bai ga alamar firgici a fuskar kowa ba. Bai zaro bindigar ba.

Bayan 'yan kwanaki Scherrer ya shirya liyafar cin abinci a gidansa, Berg na cikin baƙi. A nan ya ji Heisenberg yana nuna cewa Jamus ta riga ta sha kaye a yaƙin. Mutumin da ke gab da kammala makamin da zai juya yaƙi ba zai yi irin wannan magana ba.

Da aka tashi, Berg ya raka shi a ƙafa cikin dare zuwa masaukinsa. Dama ce da ba za ta sake samuwa ba, kuma ya bar ta ta wuce. Ya aika rahoto Washington cewa Jamus ba ta kusa ba.

Kuskure ta kowane ɓangare na da tsada. Da ya yi harbi, da ya kashe mutum a banza a ƙasar da ba ta cikin yaƙi, kuma da wuya shi ma ya tsira. Da kuma ya ƙyale shi alhali bam na nan tafe, da birane ne za su biya.

A Afrilun 1945 masu binciken Amurka suka isa garin Haigerloch a kudancin Jamus, suka tarar da na'urar gwajin nukiliyar da Heisenberg da mutanensa ke haɗawa. Ba ta taɓa kai matakin yin aiki ba. Hukuncin Berg ya yi daidai.

Bayan an tashi wasa

Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo ta Medal of Freedom, ya ƙi karɓa. Hukumar da ya yi wa aiki ta nemi ya kawo lissafin kuɗaɗen da ya kashe a Turai, abin da ya ɗauka a matsayin cin fuska. Wani kamfani da ya zuba jari a ciki ya durƙushe, ya bar shi da bashin haraji.

Besbol ba ta manta da shi ba. A 1946 Ted Lyons, wanda ya zama babban kocin White Sox, ya yi masa tayin aikin mataimakin koci. Mai ƙungiyar Red Sox, Tom Yawkey, shi ma ya neme shi. Berg ya ƙi duka biyun. Aikin lauya ma bai koma ba.

Abin da yake so shi ne ya ci gaba da leƙen asiri, amma sabuwar hukumar CIA tana son ma'aikaci mai bin tsari, mai rubuta rahoto kan lokaci. A 1952 ta ba shi dala 10,000 ya binciko shirin nukiliyar Tarayyar Sobiyet ta hannun tsofaffin abokansa na Turai. Bai kawo abin kirki ba, kuma ba a sabunta kwantiraginsa ba.

Daga nan bai sake yin tsayayyen aiki ba. Bai yi aure ba, bai mallaki gida ba. Ya zauna a gidan yayansa Samuel a Newark shekara 17, ɗakuna cike da tulin jaridu, har zaman ya yi tsami Samuel ya sa lauya ya rubuta masa takardar tashi. Sai ya koma wurin Ethel, inda ya yi shekara takwas na ƙarshen rayuwarsa.

Kayansa kullum iri ɗaya ne: kwat mai duhu, farar riga da baƙin laktaye. Yakan bayyana a filayen wasa ya zauna cikin 'yan jarida, ya sauka a gidan abokai na 'yan kwanaki, sannan ya ɓace ba sallama. Idan aka tambaye shi aikin da yake yi, sai ya ɗora yatsa a kan leɓensa. Mutane da yawa sun ɗauka har lokacin yana yi wa gwamnati aiki, shi kuma bai taɓa gyara musu zato ba.

An taɓa yi masa tayin kuɗi masu kauri ya rubuta tarihin rayuwarsa. Maganar ta rushe da ya gane cewa editan da aka haɗa shi da shi ya ɗauka shi ne wani ɗan wasan barkwanci mai suna Moe. Littafin bai taɓa fitowa ba.

Ƙarshe

Berg ya rasu ranar 29 ga Mayun 1972 a wani asibiti a garin Belleville na jihar New Jersey, bayan ya faɗi a gida. Yana da shekara 70. Maganarsa ta ƙarshe tambaya ce ga wata ma'aikaciyar jinya kan yadda wasan ƙungiyar New York Mets ya kaya a ranar.

An ƙone gawarsa, aka kai tokar Isra'ila. Ethel ta karɓi lambar yabon da ya ƙi, kuma yanzu tana gidan tarihin besbol da ke garin Cooperstown a jihar New York, duk da cewa sunansa ba ya cikin jerin gwanayen da aka karrama a can.

A 1994 marubuci Nicholas Dawidoff ya wallafa littafin tarihinsa mai suna The Catcher Was a Spy, wanda ya tace gaskiya daga ƙarin gishirin da ya daɗe yana bin sunansa. A 2018 aka mayar da littafin fim, inda Paul Rudd ya fito a matsayin Berg.

A Amurka akwai al'adar buga ƙananan katuna masu hoton 'yan wasan besbol, waɗanda yara ke tarawa suna musaya. Katin Moe Berg na cikin kayan tarihin da hukumar CIA ke ajiye da su a hedikwatarta.